KAFIN FITILA SAI KALMA: RA'AYINA KAN SABUWAR DABARAR BIN SAWUN SANKARAR MAMA

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki idan suka buɗe wannan shafi, su ce me ya haɗa ɗalibar Hausa da ɗakin tiyata? Mujallarmu ta saba da nahawu da adabi da al'ada, ga waƙoƙi da barkwanci a shafukan ƙarshe. To, mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, domin a nawa ganin wannan zance namu ne tun kafin ya zama na likitoci. Zan yi magana ne a kan wata dabara da likitocin tiyata ke amfani da ita a ƙasashen da suka ci gaba, wato allurar wani koren rini mai ƙyalli da ke nuna musu hanyar da sankarar mama ke bi in za ta bazu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan dabara ta dace da wurare irin namu na Nguru da Gashuwa fiye da wasu da suka riga ta, amma ko an kawo mana ita kyauta ba za ta tsinana mana abin kirki ba, matuƙar ba mu da kalmomin da za mu yi wa iyayenmu mata bayaninta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

Ni 'yar Gashuwa ce. Da harshen Bade na buɗi baki, Hausa kuwa a makarantar allo da kasuwa da firamare na tsince ta. Lokacin da nake aji ɗaya a jami'a, gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye na bakin kogi, ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na dama. Da yake ba ya ciwo, sai ta yi shiru da bakinta kusan shekara guda. Da abin ya girma aka kai ta wurin wani mai maganin gargajiya, ya duba ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya watsu. Aka shafe watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai da kaluluwa ta fito mata a hammata sannan aka yanke shawarar tafiya babban asibiti a birni. Ni aka haɗa ta da ita, tun da ni ce 'yar boko, kuma Hausar Gwaggo ta ciniki ce kawai.

Likitan mutumin kirki ne, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Amma da ya zo kan ainihin bayanin aikin, sai harshensa ya zame ya koma Turanci. Abin da yake nufi shi ne za a cire maman, a kuma kwashe 'yan ƙwayoyin kaluluwar da ke hammata. Ni kuma na lalubi kalma a Hausa na rasa, na lalubi ta Bade na rasa, sai na juya na ce mata za a yanke jijiyoyin hammatarta. Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yata, in an yanke jijiya ai hannu ya mutu. Da me zan yi daka, da me zan ɗauki tulu?" Likita ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki," amma ina, maganata ta riga ta shiga. Ta ɗaure kayanta muka koma gida, aka ƙara wata biyu kafin a shawo kanta.

An yi aikin daga baya, kuma alhamdu lillahi tana nan da ranta. Sai dai hannun nan na dama ya kumbura, har yau rigunanta sai an buɗa musu hannu ɗaya. Wata biyun nan da aka ƙara kuwa, a wuyana suke. Ba mugunta na yi ba, kalma ce ba ni da ita. Tun daga ranar na shiga karance-karance a kan wannan cuta, kuma abin da na fahimta ne nake son mu tattauna.

Mece ce kaluluwa, kuma me ya haɗa ta da sankara?

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san cewa in ya yi tuntuɓe ƙafarsa ta yi gyambo, kaluluwa za ta fito masa a matsematsi. In ciwon a yatsan hannu yake, a hammata za ta fito. Ashe tun kaka da kakanni mutanenmu sun lura akwai wata ɓoyayyar hanya tsakanin inda ciwo yake da inda kumburi ke fitowa. Wannan hanya ita ce likitoci suka bi diddiginta. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran magudanai a jikin ɗan Adam da ke kwashe wani ruwa garai-garai daga cikin tsoka su mai da shi cikin jini. A kan waɗannan magudanai akwai 'yan ƙwayoyi masu kama da wake, waɗanda aikinsu tace ruwan ne da kama ƙwayoyin cuta. A hammata ɗaya kawai akan sami kamar 20 zuwa 40. Su ne ke kumbura mu ce kaluluwa ta fito.

Mu mutanen fadama ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan rarrabu cikin dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin ruwan ya taru ya wuce ta Gashuwa a matsayin kogin Yobe. In masunta suka jera tarko a kan wata ƙorama, duk kifin da ya biyo ruwa, tarkon farko zai fara tararwa. In ka ɗaga na farko ka ga wayam, da wuya ka sami wani abu a na bayansa. Haka sankarar mama take. In ƙwayoyinta suka ɓalle, galibi magudanan nan suke bi zuwa hammata, kuma akwai ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku da suke fara isa. Haka kuma mun ga abin da ciyawar kacalla ta yi wa fadamarmu: da ta toshe hanyoyin ruwa, sai ruwan ya koma yana malala inda ba a bukatarsa. Abin da ya sami hannun Gwaggo ke nan. An kwashe ƙwayoyin hammata duka, hanya ta katse, ruwa ya taru a hannu. Kusan irin abin da ke faruwa ne a ciwon tundurmi, sai dai shi tsutsa ce ke toshe hanyar.

Daga kwashe duka zuwa ɗaukar ɗaya

A shekarar 1894 wani likitan Amurka mai suna William Halsted ya wallafa bayanin tiyatarsa, inda ake cire mama da tsokar ƙirji da ƙwayoyin hammata gaba ɗaya. Wannan salo ya yi shekaru da dama yana mulki. Ko bayan an daina cire tsokar ƙirji, an ci gaba da kwashe hammata ga kusan kowace mace, domin babu yadda za a san ko cutar ta kai can sai an ciro an duba. Sau da yawa kuma sai a duba a tarar babu komai, an dai jawo wa baiwar Allah lahani a banza. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2013 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata takan yi kumburin hannu, alhali a cikin waɗanda aka ɗauki ƙwayar farko kawai abin bai wuce kashi 6 cikin 100 ba.

Tunanin neman ƙwayar farko ya fito fili a 1977 ta hannun likita Ramon Cabanas, a kan wata sankara ta maza. A 1992 Donald Morton ya nuna yadda za a bi sawunta da shuɗin rini a sankarar fata. A 1993 David Krag ya gwada a sankarar mama da wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, sannan a 1994 Armando Giuliano ya yi da shuɗin rini. Daga nan aka yi wani babban gwaji a Amurka da Kanada da mata sama da 5,600, sakamakonsa ya fito a 2010: in ƙwayar farko ta fito da tsabta, barin sauran a wurinsu ba ya rage wa mace tsawon kwana. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Shi kuwa koren rinin da nake magana a kai, wanda likitoci ke kira ICG a taƙaice, tsohon magani ne. Tun 1959 aka amince da shi a Amurka, ana gwada aikin hanta da zuciya da shi. A 2005 ne wasu likitocin Japan, ƙarƙashin Toshiyuki Kitai, suka wallafa yadda suka yi amfani da ƙyallinsa wajen gano ƙwayar farko a sankarar mama.

Yadda fitilar ke aiki

Mai karatu, ka ɗauki rimot na talabijin, ka danna, ka dubi bakinsa. Ba za ka ga komai ba. To, ka sake dannawa kana kallonsa ta kyamarar wayarka, a yawancin wayoyi za ka ga wani ɗan haske yana ƙiftawa. Akwai hasken da idonmu ba ya gani amma na'ura na gani. Ka kuma tuna yadda ma'aikacin banki ke sa takardar kuɗi ƙarƙashin wata fitila, wasu zane-zane da ba a gani su fito suna ƙyalli. Waɗannan abubuwa biyu in ka haɗa su, ka gane dabarar.

Bayan an sa wa mace maganin barci, likita zai yi mata allurar ɗan koren rinin a ƙarƙashin fatar mama. Cikin 'yan mintuna rinin zai bi magudanan nan zuwa hammata. Sai a haska wurin da fitila mai ɓoyayyen haske. Rinin zai sha wannan haske ya mayar da nasa, kyamara ta ɗauka, a ga hanyar ta fito a allo kamar zare mai walƙiya, har inda ta nutsa cikin hammata. A nan likita zai yi 'yar ƙaramar tsaga, ya ciro ƙwayar da ke ƙyalli, a kai wa masanin da ke duba tsoka da madubin likita. In babu cuta a ciki, an tsira da sauran. Bincike da dama sun nuna ana samun ƙwayar a sama da kashi 90 cikin 100 na matan da aka yi wa, wato tana kafaɗa da kafaɗa da dabarar nukiliya.

Ba a rasa nono a ruga, dabarar tana da nata rauni. Hasken ba ya ratsa tsoka fiye da santimita ɗaya zuwa biyu, don haka aikin kan yi wuya ga mace mai ƙiba. In aka yanke magudanar da wuri, rinin kan malale ya ɓata wurin. Akwai kuma aidin a cikinsa, saboda haka sai an yi hattara da wadda jikinta ba ya karɓar aidin.

Dalilin da ya sa na ce ta dace da mu

Sinadarin nukiliyar da ake amfani da shi rabin ƙarfinsa ke tafiya duk bayan awa 6. Kafin kwana ya zagayo, abin da ya rage bai wuce ɗaya bisa goma sha shida ba. Tukunyar da ake tatsar sa daga ciki daga ƙasashen waje ake shigo da ita, ita ma ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu. Ga neman lasisi, ga ɗaki na musamman, ga ƙwararrun da za su kula da shi. A Nijeriya sassan farko na irin wannan aiki a Ibadan da Abuja aka buɗe su. Mai tunanin kawo wannan Nguru, inda layin dogo ma ya tiƙe tun 1930, ya san da sauran tafiya.

Shuɗin rini kuwa yana da araha, kuma ba ya bukatar wata na'ura, ido kawai. Shi ya sa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka fi dogara da shi. Amma in shi kaɗai ne, ya fi saurin kuskuren ƙwayar, kuma sai an tsaga an bi shi da ido. Koren rini yana tsakiya: hoda ce a 'yar kwalba da ake damawa lokacin aiki, babu tururin nukiliya, babu lasisi na musamman. Kyamarar ce mai tsada, amma saye ɗaya ake yi, kuma tana da amfani a wasu ayyukan, kamar tiyatar matsarmama da duba gudun jini a hanji. Akwai wani abu kuma da ya ja hankalina a matsayina na 'yar Gashuwa, garin da ciwon ƙoda ya addaba: wannan rini ta hanta yake fita daga jiki, ba ta ƙoda ba.

Amma fa akwai sharaɗi

A nan ne gizo ke saƙa. Wannan dabara an yi ta ne musamman domin macen da ta zo da wuri, wadda ƙullutunta bai girma ba, kuma likita ya lalubi hammatarta bai ji komai ba. Wadda ta zo kaluluwa ta riga ta cika mata hammata, kamar Gwaggo, babu wani sawu da za a bi, ɓarawo ya riga ya shiga gida. Ko da a ce akwai wannan kyamara a asibitin da muka je, da ba ta amfane ta ba.

Mu dubi alƙaluma. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 suka kamu da sankarar mama a duniya, kusan 670,000 suka rasu. A Nijeriya sama da 32,000 suka kamu a wannan shekara, sama da 16,000 suka rasu. Wato duk mata biyu da aka gano, ana binne ɗaya. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen matan Afirka kudu da Sahara sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa buri uku a gaba: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin 100 su ƙarasa maganinsu. Buri na farko ba a ɗakin tiyata ake cim masa ba. A tsakar gida ne, da bakin rijiya, da gidan suna, da makarantar Islamiyya ta matan aure. Kuma da harshe ake cim masa.

Laifin kalma

Mu ɗauki sunayen cutar. Muna cewa ciwon daji, muna cewa sankara, 'yan boko na cewa kansa. Kalmar daji tana ɗauke da kaya mai nauyi. Daji a tunanin mutanenmu mazaunin iskoki ne da abin tsoro, don haka ciwon da ya ci sunansa ba na asibiti ba ne. Bugu da ƙari, kusan duk gyambon da ya ƙi warkewa da duk kumburin da aka rasa kansa, daji ake ce masa. Wanda ya warke da maganin gargajiya sai ya zama hujja, alhali tun asali ba sankara ba ce. Ita kuma maganar daji ba ya son ƙarfe, da ganin ido ta samo ƙarfi: ana kai mace a makare, a yi aiki, ta rasu bayan watanni, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta. Ba wuƙa ba ce, jinkiri ne.

Ga kuma kunya. Kalmar nono tana yi wa mutane nauyi a gaban surukai da manya, shi ya sa gidajen rediyo suka fi son mama. Matar da ba ta iya furta sunan wurin a gaban mijinta, yaya za ta ce masa ya ba ta kuɗin mota zuwa Nguru a duba mata shi? Mun riga mun ga irin wannan a kan ƙanjamau. Sunan da kansa yana zana hoton ramammen mutum mai jiran mutuwa, har masana da 'yan jarida suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Kalma tana kai mutum asibiti, tana kuma hana shi zuwa.

Ita kanta kaluluwa akwai gyara a kanta. A bakin jama'a kaluluwa ciwo ce da ke fitowa ta koma, ba wata halitta ba ce da kowa ke da ita a jikinsa. In ka ce wa mai lafiya yana da kaluluwa talatin a hammata, zai ce Allah ya kiyaye. To, a darasin ƙirƙirar kalmomi an koya mana hanyoyi: aro, da ƙira, da faɗaɗa ma'ana. Jirgi na ruwa ne tun asali, aka faɗaɗa shi ya hau dogo ya kuma tashi sama. Haka za mu yi wa kaluluwa, mu ce ƙwayar kaluluwa ga halittar, mu bar fitowar kaluluwa ga kumburin.

A hutun da ya wuce na gwada wasu kalmomi a kan matan gidanmu da maƙwabta. Turawa suna kiran ƙwayar farkon nan da sunan mai gadi, don haka na fara da kaluluwa mai gadi. Nan take wata dattijuwa ta ce, "To 'yar nan, in an cire mai gadi wa zai tsare gidan?" Kun ga fassarar kalma da kalma ta haifar da sabon tsoro. Da na ce kaluluwar bakin ƙofa, wadda baƙo ke fara tararwa, sai kowa ya gyaɗa kai. Don haka ga abin da nake ba da shawara, kuma ƙofar gyara a buɗe take: kaluluwar bakin ƙofa, da koren rini mai ƙyalli, da ɓoyayyen haske, da bin sawun kaluluwa ga aikin gaba ɗaya. Kalmar da ba a gwada a bakin tsohuwa ba, ba ta gama nuna ba.

Masu ganin akasin haka

Wani zai ce, garin da ake fama da zazzaɓin cizon sauro da wankin ƙoda da ƙarancin likitoci, zancen kyamarar miliyoyi ai almubazzaranci ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce a saya gobe ba. Tsarin da nake gani shi ne: a fara da wayar da kai, a samar da gwajin tsoka mai fitowa da wuri, a horar da likitoci su ƙware da shuɗin rini mai araha, sannan kyamara ta biyo baya. Kyamara ba tare da mai duba tsoka ba, fitila ce a hannun makaho. Amma ban yarda a ce talaka bai cancanci a yi masa tanadin abu mai kyau ba. Hannun matar ƙauye shi ne jarinta. Da shi take daka, take shuka, take banda kifi, take goyo. In hannu ya tafi, abincin gida ne ya ragu.

Wani kuma zai ce ƙirƙirar kalmomin likitanci aikin likitoci ne. Likita Turanci ya yi karatu da shi shekara shida ko fiye, kuma yana da layin marasa lafiya a bakin ƙofarsa. Ya san abin, mu muka san yadda ake faɗinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma mai cewa a ari na Turancin kawai, kamar yadda aka ari asibiti da likita. Aro ba laifi ba ne, amma kalmar aro ba ta bayyana kanta. Kaluluwar bakin ƙofa kuwa tana ɗauke da rabin bayaninta a cikinta.

Na ƙarshe, ɗan'uwana Babade ko Bamange zai iya cewa, me ya sa sai Hausa? Amsata ita ce, Hausa ce gadar da Bade da Manga da Fulani ke haɗuwa a kanta a kasuwar Nguru da ta Gashuwa. In bayani ya zauna daram a Hausa, sauke shi zuwa Bade abu ne mai sauƙi. Ni a kan gadar na faɗi, ba a tsallake ba. Kuma ba daga sifili za a fara ba: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace yana nan tun 1990, sannan marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe sun fitar da ƙamusoshin Bade tun 2004.

Kira

Ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji huɗu masu neman batun kundin kammala karatu: maimakon mu yi ta maimaita batutuwan da aka tatse, wani ya tafi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa, da izinin hukuma da yardar marasa lafiya, ya nazarci yadda ake tafinta tsakanin likita da majinyaci. Wata ta tattara sunayen cututtukan mama a Hausa da Bade da Manga. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta haɗa kai da ɗaliban likitanci da na jinya a fitar da ɗan ƙaramin littafi, a kai wa gidan rediyon jiha kafin watan Oktoba, watan wayar da kai kan wannan cuta. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman suna tsakiyar jama'ar da abin ya shafa, su ya fi kamata su ja gaba.

Ga hukumomi kuwa, a ɗauki tafinta a asibiti a matsayin aiki mai horo da albashi. Bai dace a bar rayuwar mace a bakin 'yar aji ɗaya irina ba.

Ga iyayena da yayyena mata: ƙullutu a mama ko a hammata, ko lotsawar fata, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, duk a je asibiti, ko da babu ciwo. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Maza ma su sani, su ma takan kama su jefi-jefi, kuma galibi izini da kuɗin mota a hannunsu suke.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitocin duniya sun yi shekara ɗari suna neman yadda za su rage yanka, har suka kai ga fitilar da ke nuna musu ƙwaya ɗaya tak a cikin duhun hammata. Ina fata wata rana a kunna irinta a Nguru. Amma ranar da aka kunna ta, wa za ta haska? Sai macen da ta zo da wuri, kuma ba za ta zo ba sai wani ya yi mata bayani da harshen da ya kwanta mata a rai. Duk lokacin da na je gaishe da Gwaggo na ga hannun rigar nan da aka buɗa, nakan tuna cewa karatun Hausa ba na cin jarrabawa ba ne kawai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu amfani jama'armu da abin da muka koya, amin.